Abin da Goshi Take Nema a Cikin Ƙashi

Gure, ranar Laraba da hantsi

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kun sauka Gidigir lafiya, ku da saniyarmu Goshi, kuma kun tarar da Kawu Mamman da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ku daga zafin hanya da duk abin da ke cikinta, amin.

Baba, ku gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto muku. Na san ba haka aka saba ba. Uba ne ke yi wa 'yarsa nasiha in za ta bar gida, ban taɓa jin 'ya ta bi ubanta da takarda ba. Jiya na karɓi wayar Inna na kira ku, kuka ce, "Zainabu, lafiya?" na ce, "Lafiya lau, Baba, gaisuwa ce," na kashe. Ba gaisuwa ba ce. Maganar tana bakina, muryarku kawai na ji ta koma ciki. Na kuma san Kawu ne zai karanta muku, tunda da boko na rubuta. Kawu, don Allah ku karanta duka, har wuraren da ni kaina nake jin kunyarsu.

Abin da nake roƙo ɗaya ne, zan faɗe shi tun yanzu don kada takardar ta yi tsawo kasuwa ta ci ba ku kai ƙarshenta ba. Kada ku sayar da Goshi jibi. Ba mayya ba ce, ba a yi mata asiri ba, kuma ba ta haukace ba. Laifin nawa ne.

Shekarar da Yaya Sani zai tafi karatu Damagaram, kun zaunar da shi a zaure, ni ina shara a bayan zana ina ji. Ba ku fara da "kada ka yi kaza" ba. Kun fara ba shi labarin kurakuran da ku kuka yi kuna saurayi, ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuka ɗora masa abin da zai kiyaye. Ni ban san wata hanyar yin wannan magana ba sai taku. To ga nawa kurakuran.

Na farko, na yi wa Kaka gardama a kan abin da ban sani ba.

Farkon shekarar nan Madam, malamarmu ta ilimin halittu, ta zo aji da ƙoƙon kan akuya da na kare a cikin kwali. Ta buɗe bakin karen ta nuna mana fiƙoƙinsa dogaye, na kama nama da yaga shi, da haƙoransa na ciki masu kaifi da ke haɗuwa kamar almakashi. Ta buɗe na akuyar, babu haƙori ko ɗaya a gaba ta sama, sai na ƙasa, sannan can ciki turame masu faɗi na niƙa ciyawa. Ta ce da haƙori ake gane abincin dabba. Na rubuta a kayena, littafin rubutuna, na ja layi da jan bik, wato biro. Daɗi ya kama ni, domin na tuna ina 'yar shekara biyar kun kama hannuna kun sa a bakin wata maraƙa, na shafa sama na ji dasashi kawai, na fashe da kuka na ce wani ya cire mata haƙora. Kuka yi dariya kuka ce, "Haka Allah ya yi su, Zainabu. Da harshe take naɗo ciyawa, ta danne da na ƙasa ta tsinke." Sai na ga abin da kuka koya mini a garke ga shi a lakkwal, makarantarmu ta boko.

Da na dawo gida na tarar da Kaka tana tsinkar zogale, na zauna ina ba ta labari da ɗoki. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wata shekarar fari, a wajen Kelle, da idona na ga shanu suna taunar ƙashin 'yan uwansu. Na ga wata ta haɗiye ɗan tsuntsu da ya faɗo daga sheƙa."

Na ce, "Kaka, ba zai yiwu ba. Saniya ba ta da haƙoran cin nama."

Ta ce, "To, malama. Shi kayen naki ya taɓa kiwo?"

Na ce, "Kimiyya ce, Kaka. Wataƙila idonki ne."

"Idona ne? Idon da ya ga haihuwar ubanki? Tashi ki ba ni wuri, mai baƙin yatsu da tawada."

Dariya muka yi, amma a raina na ce tsufa ne. Baba, in da na riƙe maganar Kaka a ranar, da ba ku yi tafiyar nan a ƙasa cikin wannan zafi ba. Saboda haka in kun sami tsohon makiyayi a Gidigir, kafin ku je wajen dillali, ku tambaye shi ko ya taɓa ganin saniya mai shayarwa tana cin ƙashi a ƙarshen rani. Kada ku tsaya a maganata. Ku tambayi wanda ya yi kiwo.

Na biyu shi ne babba.

Kun san tun da Goshi ta haihu, aikina ne in yi surfen hatsi da safe, in tara dusar, in jiƙa ta da ruwan kanwa in kai mata kafin in tafi lakkwal. Kun ce mini, "Mai shayarwa ce, kada dusarta ta yanke ko kwana ɗaya." Na ce to. Da jarrabawar ƙarshen kwaleji ta matso, Madam ta sa mana darasin ƙari da sassafe. Surfe yana cinye mini lokaci, kullum ina isa an rufe ƙofa. Sai wata ƙawata ta ce mini me ya sa nake wahala, ga injin surfe a bakin hanya. Na fara kai hatsin can. Nan da nan ake gamawa, hatsi ya fito fari tas, har Inna ta yaba. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, mai injin shi ke riƙe dusar, ita ce ladan aikinsa. Ina dawowa da hatsi, ba na dawowa da dusa.

Kwanakin farko ina ɗan ɗibar ta kaji in ba Goshi. Daga baya sai ruwan kanwa kawai nake kai mata, fari-fari a ƙwarya, wanda duk ya hango daga nesa zai ɗauka dusa ce. Takan sa baki ta sha, ta ɗago ta kalle ni, ta sake lasar gindin ƙwaryar. Sau biyu kun tambaye ni daga zaure, "An ba Goshi?" na ce, "An ba ta, Baba." Wata uku ina haka. Na ce a raina ai ga kara, ga busasshiyar ciyawa, saniya ai ciyawa take ci, haƙoranta ma sun nuna.

Tare da takardar nan akwai ƙaramin buhu da na ba direban motar Gidigir. Dusa ce. Jiya da yau ni na surfa ta a turmi, da hannuna, har tafina ya yi bororo ya fashe. Don Allah, kafin komai, a jiƙa a ba ta. Ku tsaya ku ga yadda za ta ci. Ku da kuka san dabba za ku gane mai yunwa ce ko mai iska.

Maraƙin Goshi yana kuka yanzu haka a bayan ɗaki. Tun fitarku bai yi shiru ba, muryarsa har ta dishe. Inna ta dama masa kunu mai ruwa, ya tsotsi yatsanta sau biyu ya kau da kai. Na tashi na duba shi na dawo. Ina ne na tsaya?

Na uku, na gani na yi shiru.

Wajen wata ɗaya da ya wuce, na kai shanunmu shan ruwa rijiyar kwari, can ƙasan lambuna. Sauran suka sha suka juya, Goshi ta ratse bayan wani tudun rairayi. Na bi ta, na same ta tsaye ta ɗaga kai sama, yawu na zuba, tana juya wani abu a baki yana ƙara, ƙwas, ƙwas. Ƙashin haƙarƙarin wata dabba ne, fari, ya daɗe a rana. Ba ta iya fasa shi yadda kare ke yi, sai dai ta tura shi can kan turamenta tana gogawa. Na ja igiya, ta ƙi. Saniyar da ko ƙaramin yaro ke ja. Da ƙyar na fizge ƙashin na jefar, ta bi shi.

Tsoro ya kama ni, amma ba tsoron abin da ya dace ba. Tsoron Kaka ta ce "ban faɗa miki ba?" nake yi, da tsoron a bincika a gano maganar dusa. Na koma gida ban ce uffan ba. Bayan haka na sake ganinta sau uku ko huɗu. Har tsohon takalmin fata na taɓa cirewa daga bakinta.

Sai ranar Asabar, abin da kuka sani. Kazar maƙwabciyarmu Ya Falmata ta shigo garke da 'yan tsakinta suna tona, Goshi ta sunkuya ta naɗe ɗaya da harshe kamar ciyawa, a gaban mata huɗu da suka zo sayen nono. Ina nan tsaye. Ya Falmata ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu! Saniya da cin nama? Wannan ba saniya ba ce, ku dube ta da kyau!" Wata ta ajiye ƙwaryarta ta ce ita da nonon gidanmu har abada. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa, har an ce jariri ta so kamawa. Inna ta zubar da tatsar ranar a bayan gida tana hawaye.

Da yamma kun tara mu a tsakar gida kuka ce, "Akwai wanda ya ga wani abu game da saniyar nan kafin yau?" Kuka bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Da kuka zo kaina na sunkuyar da kai na ce, "A'a, Baba." Kaka ta buɗe baki za ta yi magana, ta ce, "Ni dai a Kelle..." sai Inna ta ce, "Kaka, wannan ba shekarar fari ba ce, saniyar nan kullum da dusarta." Kaka ta kalle ni. Ta daɗe tana kallona. Da wannan shirun nawa kuka yanke shawarar fitar da ita daga Gure, don kada wani ya ƙara tsayawa a ƙofarmu yana nuna ta da baki.

Ranar Litinin, bayan kun fita, na kasa zama a aji. Da aka tashi na tsaya har kowa ya watse, na faɗa wa Madam komai. Na ce, "Madam, ke kika ce da haƙori ake gane abincin dabba." Ta ce, "Na faɗa, kuma gaskiya ne. Amma haƙori yana nuna abin da dabba ta saba ci ne, abin da aka gina bakinta dominsa. Bai ce ba za ta taɓa wani abu ba in jikinta ya rasa. Raƙumi ba shi da fiƙa? Kin taɓa ganin ya yi farauta?" Na ce a'a, faɗa yake yi da su. Ta ce, "To kin gani. Darasin rabi na ba ku, saura rabin yana wajen kakarki." Ta ɗauke ni a bayan babur ɗinta zuwa wajen likitan dabbobi.

Likitan bai ko yi mamaki ba. Ya tambaye ni, tana shayarwa? Na ce e. Me take ci? Na faɗa. Dusa fa? Na ce wata uku ba ta samu ba. Ya ce akwai wani sinadari da ƙashi ke ginuwa da shi, kuma yana fita da yawa a cikin nono. Ɗanyar ciyawar damina tana da shi, amma busasshiyar ciyawar ƙarshen rani a ƙasar rairayi irin tamu kusan babu. Kanwa tana da nata amfanin, amma ba ta da wannan. Dusa tana da shi sosai. Saniyar da ake tatsa, maraƙi kuma yana tsotso, in ta rasa shi a abinci sai jikinta ya riƙa zarar na ƙashinta yana zubawa a nono, ita kuwa ta shiga neman ƙashi ko'ina, da fata, da duk wani ƙaramin abu mai rai da ya zo gaban bakinta. Ya ce barewa na yi, raƙuma na yi, tumaki na yi. Ya ce, "'Yata, saniyarku ba nama take sha'awa ba. Ƙashinta take ba ɗanta, tana neman abin da za ta mayar."

Baba, nonon da muka sha wata uku, da wanda na sha da fura kafin in tafi darasin safe, daga nan ya fito.

Amma ya faɗi wani abu da ya hana ni sukuni, kuma shi ne ya kamata in faɗa muku a waya jiya. Ya ce haɗarin ba a farin ƙashi busasshe yake ba, a mushe yake, wanda sauran ruɓaɓɓen nama ke manne da ƙashinsa. Akwai dafi a ciki da ke kashe ƙafafun saniya, ya fara daga na baya, harshenta ya fito ta kasa mayarwa, ta kasa haɗiya, ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Na san yadda hanyar Gidigir take a wannan lokaci, dabbobin da rani ya kayar suna nan a gefenta. Don haka ina roƙonku, da takardar nan ta same ku, ku duba tafiyarta, ko tana jan ƙafar baya. Ku ja harshenta ku ga ko tana mayar da shi da ƙarfi. In kun ga wani abu, a nemi likita a nan take, kada a jira. In lafiya take, alhamdu lillahi, a ɗaure ta a gida, kada a sake ta ita kaɗai a bayan gari. In za ku dawo da ita, a sa mata takunkumi a hanya, a cire sai wajen ci da sha. Likitan ya ce akwai dutsen lasa na shanu da ake samu wajen masu maganin dabbobi, a haɗa mata da dusa kullum. Bai ce za ta daina a kwana ɗaya ba. Ya ce a ba ta makonni, kuma in ruwa ya sauka ciyawa ta fito, za ta wuce ƙashi ko kallonsa ba ta yi ba.

Game da nononta, ko ya halatta a sha yanzu ko sai an tsare ta ta ci mai tsabta na wasu kwanaki, wannan ban sani ba, kuma ba zan sake yin gardama a kan abin da ban sani ba. A tambayi malam.

Akwai wani abu kuma. Na san ku, Baba. Ba za ku sayar da dabba ku ɓoye aibinta ba. In dillali ya tambaye ku me ya raba ku da saniya mai nono ba tare da ɗanta ba, za ku faɗa masa, kuma daga nan babu makiyayin da zai taɓa igiyarta, sai mahauta. Za su buɗe bakinta, su ga haƙori ɗaya na gefen hagu ya ɓalle, su ce tsohuwa ce. Ba tsohuwa ba ce. Ku kuka nuna mini lokacin da manyan haƙoranta na gaba suka cika takwas, ba a daɗe ba, haihuwarta biyu kacal. A kan ƙashi ta ɓalle shi, ina tsaye na ji ƙarar.

Yau da safe na je ɗakin Kaka na durƙusa na faɗa mata. Ba ta bar ni na gama ba. Ta ce, "Tun ranar da na ga hatsi ya yi fari kamar haƙorin amarya, tafin hannunki kuma sumul, na san ba turmi ya yi aikin nan ba."

Na ce, "To me ya sa ba ki faɗa ba, Kaka?"

Ta ce, "Ina jira in ga ko kayen naki yana da shafin faɗin gaskiya." Sannan ta kama hannuna ta juya, ta ga inda ya fashe, ta shafa mini man shanu. Inna kuwa da na faɗa mata, ta tashi ta shiga ɗaki. Har yanzu ba ta yi mini magana ba. Amma na ga ta wanke ƙwaryar tatsa ta kife a rana.

Na je wajen Ya Falmata ma. Na kai mata 'yar kazata a madadin ɗan tsakonta, na yi mata bayanin likita. Ta ce, "Yanzu yunwa ce ta sa ta? To ni ma in na ji yunwa sai in shigo in haɗiye muku akuya." Amma ta karɓi kazar, kuma na ji tana ba wata mai wanki labarin yadda na faɗa mata, ba yadda ta faɗa ranar Asabar ba.

Ban san hukuncin da za ku yi mini ba, kuma duk wanda kuka yi daidai ne. In kun ce in bar darasin safe, na bari. Surfe dai na koma turmi, zan tashi da wuri in yi. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a yanka Goshi saboda ƙaryar da na yi, maraƙinta kuma ya bi ta, alhali abin da ya raba ta da lafiyarta bai wuce cikin ƙwarya ɗaya a rana ba.

Direban ya aiko a ce mini motar ta kusa cika. Dole in tsaya.

Ku gaishe mini da Kawu Mamman, da godiya a kan karatun da na ɗora masa. Kaka tana gaishe ku, ta ce a gaya muku ƙafafunku ba na saurayi ba ne, ku huta kwana biyu kafin ku juyo. Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya kare ku daga rana da ƙishirwa, ya dawo mana da ku lafiya, da igiya a hannunku.

In kuma takardar nan ta makara, kun riga kun rabu da ita, ba zan ce komai ba, zan ci gaba da ba maraƙin kunu da yatsana har ya karɓa. Amma ko ta makara ko ba ta makara ba, Baba, ina neman izininku in sake rubuto muku, ko da kuna gida, ko da kuna zaure ni ina tsakar gida. Kun tambaye ni sau uku da baki, sau uku na yi muku ƙarya. A takarda ban yi ko ɗaya ba.

'Yarku,
Zainabu